Muzurunmu ya hana mu barci, yana fitsari a labule: mu kai shi kasuwar kifi mu saki?

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Jidda, unguwar Gulail, a hawa na uku. Watannin baya yarana suka tsinto ɗan kyanwa a ƙarƙashin mota, ko idonsa bai gama buɗewa ba, muka raine shi da madara a sirinji. Yanzu ya kai wata goma. Da lafiya lau muke zaune, amma wata biyu ke nan ya canza hali. Cikin dare sai ya dinga kuka kamar jariri, yana fitsari a jikin labule da ƙofar falo, har ya taɓa yi a kan sallayar Abban yara, ga wari ba a magana. Shekaranjiya kuma ya ciji ɗana a hannu yana cikin shafa shi. Surukata ta ce kyanwar da ke irin wannan kukan ba ita kaɗai ba ce, a rabu da ita. Maigida ya ce ranar Juma'a zai kai shi kasuwar kifi ta Bangala ya sake shi, wai can ba zai rasa abinci ba. Yara sai kuka suke yi. Don Allah me ya same shi, kuma ina mafita?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan raino. Duk wanda ya taɓa shayar da jaririn kyanwa da sirinji, yana tashi cikin dare saboda shi, ya san ba ƙaramin aiki kuka yi ba.

Abu uku kika kawo: kukan dare, fitsari a inda bai dace ba, da cizo. Sai kuma hukuncin da ke jiran ranar Juma'a. Biyun farko tushensu ɗaya ne, kuma bisa yadda kika siffanta, muzurunki balaga ya yi. Namijin kyanwa yakan balaga tsakanin wata shida zuwa shekara guda, naki kuwa ya fara canzawa yana wata takwas, daidai lokacin. Cizon zancensa daban ne, zan zo kansa. Amma kafin mu ɗora komai a kan balaga, akwai abin da nake so ki tabbatar yau ɗin nan, domin shi ne kaɗai a cikin maganar da zai iya kashe shi kafin Juma'ar ta zo.

Ki tsaya ki ga yadda yake yin fitsarin

Fitsarin kyanwa a wajen akwatin yashi iri biyu ne, kuma da ido ake rarrabe su. Na farko fesawa ne. Zai zo ya sansana labulen, ya juya masa baya yana tsaye, ya ɗaga wutsiya sama car tana karkarwa, ya ɗan tattaka ƙafafun baya, ya fesa ɗan kaɗan a jikin abin da ke tsaye, kamar taki ɗaya daga ƙasa. Daga nan ya yi tafiyarsa, ba tono ba binnewa. In kin je akwatinsa za ki tarar yana nan yana yin fitsarinsa na yau da kullum a ciki. Wannan saƙo yake bari, ba matsuwa ce ta sa shi ba.

Na biyu tsugunawa ne a kan abu shimfiɗaɗɗe, kafet ko katifa ko tayil ɗin banɗaki. Wannan ko dai akwatin yashin ne bai yi masa ba, ko kuma ciwo ne. To a nan nake so ki buɗe ido. In kin ga yana zarya zuwa akwatin, ya tsuguna ya daɗe yana nishi, abin da ke fita ɗigo biyu ne ko babu, ko da jini-jini, yana yawan lasar gabansa, yana kuka in an taɓa cikinsa, ya daina cin abinci ko yana amai, kada ki jira gari ya waye. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai, 'yan ƙananan tsakuwoyi da majina kan toshe ta, mafitsara ta cika ta yi tauri, guba ta taru a jini, ƙoda ta tsaya. Kwana biyu zuwa uku ya isa ya mutu. A asibitin da nake aiki wannan na cikin abin da ya fi kawo mana muzurai da tsakar dare, kuma sau da yawa masu su sukan ce sun ɗauka bayan gida ne ya gagara, har sun ɗura masa man zaitun. Muzurun da busasshen abinci kaɗai yake ci, ba ya shan ruwa sosai, yana kwance a ɗaki ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana, shi ya fi faɗawa cikin wannan.

Tunda na ambaci ɗure, bari in faɗi wannan da babbar murya: kada a ba kyanwa Panadol, ko rabi, ko na yara. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Uwa mai tausayi ce ta fi yin wannan kuskuren.

In babu ko ɗaya cikin alamun nan, yana ci yana sha yana wasa, fitsarinsa na akwati yana fita da yawa, to mu koma kan balaga.

Da wa yake magana?

Kyanwar gida jikar kyanwar dajin Afirka ce, wadda ta fara raɓar mutane a yankin Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da aka fara tara hatsi ɓeraye suka biyo. Kakar tata ita kaɗai take farauta, kowace da yankinta, ba sa son haɗuwa ido da ido domin faɗa rauni ne, rauni kuma yunwa ce. Saboda haka mafi yawan zancensu da wari suke yin sa. Wanda ya zo wucewa ya sansana, ya san wane ne ya bi ta nan, namiji ne ko mace, yaushe ya wuce, a shirye yake da barbara ko a'a. In kin taɓa ganin ya sansana wani abu ya ɗaga kai ya bar baki a ɗan buɗe kamar wanda ya ji abin mamaki, wata kafa ce a dasashinsa ta sama yake tura warin cikinta don ya karanta shi da kyau. Shi ma goga kumatu da yake yi a ƙafarki ko a gefen kujera wari yake shafawa, sai dai wannan na natsuwa ne, hancinmu ba ya jin sa.

Warin da ya addabe ku kuwa daga wani sinadari ne mai suna felinin da ke cikin fitsarin kyanwa, kuma muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi kowa yawansa nesa ba kusa ba. Ba ƙazantar gidanki ba ce, kuma turaren wuta ba zai rufe shi ba. Hasali ma hayaƙin bakhur a rufaffen ɗaki yana tayar wa kyanwa da tari, ki riƙa fitar da shi daga ɗakin in za ki turara.

Yanzu ki dubi wuraren da ya zaɓa: ƙofar falo da labulen taga. Nan ne iskar waje ke shigowa. Kin san yadda Gulail take, da Karantina da Sabil da sauran tsofaffin unguwannin Jidda, babu kwandon sharar da ba kyanwa a gindinsa, wasu har matattakalar bene suke hawowa su kwana. Saboda ɗumi da hasken fitilu, kusan duk shekara akwai macen da ke neman barbara, kuma wadda ba ta samu ba takan sake dawowa cikin wannan hali bayan mako biyu ko uku. Naki yana hawa na uku amma duk yana jin su, da hanci da kunne, domin kunnen kyanwa na kama siraran sautukan da namu ba ya kaiwa. Yana amsa musu ne: ga ni nan, nan gidana ne. Kamar saurayin da ya sha turare zai tafi zance aka kulle masa ƙofa.

Sallayar Abban yara fa? Na san ita ta fi ɓata rai, kuma ita ta sa aka fara zancen wulaƙanci ko wani abu daban. Kyanwa ba ta san sallaya ba, ba ta kuma san ramuwar gayya ba. Abin da ya sani shi ne wannan shimfiɗar tana ɗauke da warin maigida mai ƙarfi, haɗe da warin waje da ƙafafunsa suka kwaso. Muzurun da hankalinsa ba a kwance yake ba yakan haɗa warinsa da irin wannan. Takalma, jakar baƙo, akwatin wanda ya dawo daga tafiya, duk sukan sha irin haka. Maganin wannan sauƙi gare shi: a naɗe sallaya a ɗora a sama da zarar an idar.

Kukan daren ma haka. Kukan da kyanwa ke yi wa mutum, wannan gajeren na roƙon abinci ko a buɗe ƙofa, manyan kyanwoyi ba su cika yi wa junansu shi ba, mu suke yi wa domin sun ga yana aiki a kanmu. Amma dogon kukan nan mai jan murya da ke tashi daga ƙirji, mai kama da na jariri, kiran barbara ne da gargaɗin abokan hamayya. Yana yin sa cikin dare saboda kyanwa dabbar magariba da asuba ce, tana barcin awa 12 zuwa 16 a yini, galibi da rana, kuma dare ne lokacin da na titi ke fitowa bayan zafi ya sauka. Hajiya babba ba ta yi ƙarya ba da ta ce kukan na da ban tsoro, ni kaina in na ji shi a layinmu ƙarfe uku na dare sai na gyara kwanciya. Sai dai muzurai lafiyayyu da yawa da ba a fiɗiye ba haka suke yi in sun kai wannan shekarun. Kada ki yi musu da ita. Ki ce mata likita ya ce balaga ce, a ba shi wata biyu bayan magani a gani.

Fiɗiya

Maganin da ya fi kowane aiki shi ne a fiɗiye shi. Ga namiji aikin ƙarami ne: a yi masa allurar barci, a cire 'ya'yan marainan ta ɗan ƙaramin yanka, cikin 'yan mintoci an gama, yawanci ko ɗinki ba a yi, ya koma gida a ranar. Likitan zai gaya miki awa nawa za a hana shi abinci kafin aikin. Warin fitsarin kan ragu cikin mako guda ko biyu, kuka da neman fita su lafa cikin makonni. Kusan tara cikin goma na muzurai suna daina fesawa ko su rage ta sosai. Sauran ɗayan shi ne wanda abin ya riga ya zame masa ɗabi'a, ko kuma wata damuwa ce ke sa shi, shi ya sa ba na son a ja lokaci. Wata biyu da farawa bai yi nisa ba. Bayan aikin ki rage masa abinci kaɗan domin fiɗiyayye saurin ƙiba gare shi, ki kuma haɗa masa da jiƙaƙƙen abinci da ruwa a wuri biyu ko uku. In ba a taɓa yi masa allurar riga-kafi ba, a tsara ta a wannan zuwan.

Na san abin da maigida zai tambaya, domin kusan kowane magidanci da ya shigo wurina sai ya tambaya: ya halatta? Ni ba malami ba ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan fiɗiye dabbar da ba a cin namanta. Abin da zan iya kawo miki shi ne Shaihu Ibn Usaimin, Allah ya ji ƙansa, an tambaye shi game da kyanwoyi, ya ce in sun yi yawa suna cutarwa, kuma aikin ba zai cutar da su ba, babu laifi, ya fi a kashe su bayan an halicce su. Ku kai wa malamin da kuka natsu da shi tambayar yadda take: ba zaɓi ne tsakanin fiɗiya da barin sa cikin walwala ba, zaɓi ne tsakanin fiɗiya da jefar da shi a titi. A ɓangarena na likita, muzurun da aka kulle a bene da cikakkiyar sha'awarsa, ba fita ba mace, a wahale yake. Kuma irinsu ne ke faɗowa daga taga. Ki sa raga a tagogin tun yau.

Abin da ke hannunki a gida

Wurin da ya fesa, in ba a kashe warin ba, zai koma ko bayan fiɗiya. Ki wanke da ruwan ɗumi da garin sabulun wanki, ki ɗauraye, ki bari ya bushe sarai. Shagunan kayan dabbobi na sayar da ruwan wanki na musamman mai narkar da fitsarin, ya fi komai. Ki guji duk abin goge-goge mai amoniya domin warinsa na kama da fitsari, sai ya ɗauka wani ne ya zo ya yi a kan nasa. Dettol kuma guba ne ga kyanwa in ta taka shi da danshi ta lashe ƙafa. Ta fuskar tsarki, mafi yawan malamai na ganin fitsarinta najasa ne, a wanke wurin, amma jikinta da ragowar ruwan da ta sha masu tsarki ne, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Ƙatada da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku.

Akwatin yashi ya zama biyu, manya, ba a kusa da abincinsa ba, ba kuma kusa da injin wanki ba. A kwashe kullum. Yashi marar ƙamshi ya fi, wanda aka sa wa turare don hancinmu aka yi shi. Ki wanke bakin ƙofar waje, ki toshe ƙasan ƙofar da tsumma, kuma in maƙwabta na ajiye wa na titi abinci a matattakala, ki roƙe su da lalama su mayar da shi ƙasa.

Duka, tsawa, watsa ruwa, ko goga masa hanci a fitsarin, duk ƙara ta'azzara abin suke yi. Ba ya haɗa hukuncin da abin da ya yi minti goma da suka wuce. Abin da zai koya kawai shi ne mutanen gidan nan ba su da tabbas, kyanwar da ta tsorata kuma ƙara fesawa take yi. Da dare, kafin ku kwanta, yara su gajiyar da shi da wasa na kamar kwata, igiya da ɗan tsumma a baki ya isa, sannan a ba shi abincin dare. In ya fara kuka kada a tashi a ba shi wani abu don ya yi shiru, in aka yi haka an koya masa sana'a.

Cizon

Da farko hannun yaron. Haƙoran kyanwa sirara ne, suna shiga ciki su bar ƙwayoyin cuta, bakin ciwon ya rufe. In ya huda fata, ko da an wanke da sabulu, a kai shi asibiti a duba, musamman in wurin ya kumbura, ya yi ja, ko yana zafi. Cizon hannu ba a wasa da shi. Ki gaya musu ko muzurun na da riga-kafi da kuma ko yana fita waje.

Dalilin cizon kuwa, ina zargin abu biyu. Kyanwar da ta tashi da uwarta da 'yan uwanta, a wajen kokawa take koyon iyakar cizo: ta ciji ɗan uwa da ƙarfi, ya yi ƙara ya rama, wasa ya tashi. Naku a hannunku ya tashi, babu wanda ya koya masa, kuma ina kyautata zaton yana ƙarami yara da yatsunsu suke wasa da shi ana dariya. Na biyu, kyanwa da yawa suna da iyakar shafar da suke ɗauka, in ta wuce sai daɗin ya koma takura. Kuma sukan yi gargaɗi, mu ne ba ma lura. Ki zauna da yaran ku kalle shi tare. Yana kwance ana shafa shi, sai bakin wutsiya ya fara bugun ƙasa. Fatar bayansa ta ɗan motsa kamar ƙuda ya sauka. Kunnuwa su juya gefe ko su kwanta baya. Baƙin idonsa ya buɗe, gurnanin jin daɗin ya tsaya, ya juyo da kai yana bin hannun da kallo. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu ne. Wanda ya janye hannu a alamar farko ba zai sha cizo ba.

Kaɗa wutsiyar kyanwa ba irin ta kare ba ce, ita haushi take nufi. In ya kwanta ya nuna ciki, amincewa ce ya nuna, ba gayyatar a taɓa cikin ba, nan ne ma aka fi samun cizo. A tsaya a kumatu, ƙarƙashin haɓa da gindin kunne. Yara za su so wannan: in ya kalle su su lumshe ido a hankali, sau da yawa zai mayar musu. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada haka a 2020, suka ga kyanwa ta fi kusantar wanda ya yi mata wannan lumshewar. Haka kuma gurnanin nan mai taushi ba kullum yake nufin jin daɗi ba, kyanwa mai ciwo ma tana yin sa.

Zancen Bangala

Na fahimci lissafin maigida, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba: ga kifi, ga 'yan uwansa, ya je ya yi rayuwarsa. Mutane da yawa haka suke yi. Amma kowane lungu na kasuwar nan da masu shi, muzurai da suka girma a wurin, kunnuwa a yayyage, kuma ba sa karɓar baƙo. Naku bai taɓa faɗa ba, bai san mota ba, bai san inda ake samun ruwa ba a garin da zafinsa kan haura digiri 40 da rani. Abin da ya fi faruwa shi ne ya maƙale a ƙarƙashin wata mota kwana da kwanaki ba ci ba sha. In ya tsira daga wannan, akwai cizon faɗa da ke zama ƙurji mai ruɓa, akwai cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwa wadda ta hanyar cizon muzurai take yaɗuwa, akwai cutar amai da gudawa da ke kashe marasa riga-kafi. Waɗanda ake tsintowa a kawo mana, da ganin gashinsu da yadda suke neman hannun mutum ka san daga gida aka jefar da su.

Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma wasu kan kafa hujja da ƙarshensa su ce ai saki ya halatta. A ganina sakin da ake nufi shi ne na dabbar da za ta iya ciyar da kanta. Wanda aka raina da sirinji ba ya cikinsu. Sannan ƙasar nan, Saudiyya, ta amince da dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasashen Gulf tun 2013, Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma ce ke kula da ita, kuma sakaci da dabbar da ke hannun mutum na cikin abin da ake cin tara a kai.

Ban ga muzurun nan ba, ban taɓa mararsa ba, ban auna fitsarinsa ba, don haka duk abin da na faɗa bisa bayaninki ne. Ki nemi alfarmar Abban yara ya mayar da tafiyar Juma'ar zuwa asibitin dabbobi, a duba shi, a sa ranar aiki. Kuɗin ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti, ki buga waya wuri biyu ko uku, kuma akwai masu aikin sa-kai na ceton kyanwoyi a Jidda da kan san inda ake yi da rahusa. In an yi aikin, an gyara gida, wata biyu ya wuce yana nan yana fesawa, ki koma wurin likitan, akwai magungunan rage damuwa da ake gwadawa ƙarƙashin kulawarsa. In kuma duk da haka gidan ba zai iya riƙe shi ba, fiɗiyayyen muzuru mai katin riga-kafi wanda ya saba da yara ba ya wuyar samun mai karɓa. Ki ɗauki hotonsa ki sa a zaurukan WhatsApp na matan unguwa, ki faɗi gaskiyar halinsa har da cizon, ki kuma ba wanda zai karɓa akwatin yashinsa da tsumman da yake kwana a kai.